Joe Williams: Shekara Ashirin a Bakin Ƙofa

Ƙannena, maza da mata, akwai wata magana da ta yawaita a bakinku wadda ba na jin daɗinta. Yaro bai cika shekara talatin ba, sai ka ji yana cewa shi kam ta ƙare masa, sa'anninsa duk sun yi gaba sun bar shi. Ya buɗe waya ya ga wane ya sayi mota, wance ta buɗe shago, ɗan ajinsu na firamare ya saki waƙa ta zagaye gari cikin kwana biyu, sai jikinsa ya mutu, aikin da ke hannunsa ma ya fita daga ransa. Shi ya sa yau nake so in ba ku labarin wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Joe Williams, mawaƙin buluz da jaz, wanda ya fara neman abinci da muryarsa tun yana ɗan shekara goma sha shida, amma duniya ba ta juyo ta kalle shi ba sai da ya kai talatin da shida.

Na san wani zai ce, duk dattawan kirki da ke cikin tarihi, sai mawaƙin gidan rawa za a kawo mana misali da shi? Ku kwantar da hankalinku. Ba waƙa nake tura ku ba, kuma ba duk abin da mutumin nan ya yi nake yabawa ba, za mu zo wurin. Abin da ya ja ni gare shi shi ne yadda ya yi da shekarunsa ashirin na rashin suna, da yadda ya zauna da maigidansa, da yadda ya bar shi. Tela da makanike da ma'aikaciyar jinya da mai gyaran waya, kowa yana da abin ɗauka a nan.

An haife shi ranar 12 ga Disamba, 1918, a wani ƙaramin gari mai suna Cordele a jihar Jojiya, kudancin Amurka. Sunansa na haihuwa Joseph Goreed. Kudancin Amurka a wancan zamani wuri ne da doka da kanta ta raba baƙi da fari: makaranta daban, famfon shan ruwa daban, kujerar mota daban, kuma gungun Turawa na iya rataye baƙar fata ba shari'a ba komai, a tashi lafiya. Wannan ya sa baƙaƙe suka dinga ƙaura zuwa biranen arewa da yamma, har kusan mutum miliyan shida suka bar kudu tsakanin shekarun 1910 da 1970. Mahaifin Joe bai zauna da su ba. Mahaifiyarsa ce ta tafi Shikago ta kama aikin girki, ta tara abin da ta tara, ta sa aka kawo mata shi tare da kakarsa tun yana ƙaramin yaro. A kudancin birnin ya tashi, unguwar da baƙaƙe suka cika maƙil.

A coci ya fara waƙa. Mahaifiyarsa tana kaɗa ogan a can, shi kuma da abokansa suka haɗa ƙungiyar mutum huɗu mai suna Jubilee Boys, suna zagaya majami'u suna waƙoƙin addini. A gida kuma rediyo ce malamarsa, kuma cikin waɗanda ya fi sa wa kunne akwai Ethel Waters, mawaƙiyar da ta shahara da fitar da kowane harafi tas. Ku riƙe wannan, zai yi amfani nan gaba. Wajen shekara goma sha biyar tarin tibi ya kama shi, cutar da a lokacin ba a samo maganinta na sosai ba, ga shi kuma da huhu mawaƙi ke cin abinci. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi. Yana shekara goma sha shida ya bar makaranta don ya taimaki gida, a lokacin da talaucin nan na shekarun 1930 ya durƙusar da Amurka. Dangi suka zauna suka zaɓa masa sunan da zai fi daɗin faɗa a dandamali, ya zama Joe Williams.

Aikinsa na farko a wani kulob ne na Turawa. Shi ke wanke bayi, in ya gama a bar shi ya yi waƙa, abin da 'yan kallo suka miƙa masa shi ne rabonsa. A 1937 ya samu shiga ƙungiyar Jimmie Noone, gwanin busa kilarinet ɗan asalin New Orleans, ana watsa wasansu a rediyo. Daga nan ya shiga duniyar manyan badujalar jaz, wadda a lokacin ita ce ke riƙe da kasuwar kiɗa a Amurka.

Bari in kwatanta muku yadda abin yake, don yawancinku kun saba da waƙar da mutum ɗaya zai haɗa da kwamfuta a ɗaki. Babbar badujala mutum ne wajen goma sha shida zuwa sha bakwai a zaune sahu-sahu, kowa da kwat iri ɗaya, kowa da takardar kiɗa a gabansa. A gaba masu busa saksafon su biyar, bayansu masu turombon uku ko huɗu, can baya masu ƙaho huɗu. A gefe akwai mai piyano, mai jita, mai babban bas da ake kaɗawa a tsaye, da mai ganguna. Ina mawaƙi a cikin wannan taron? Yana can gefen dandamali a kan kujera, hannu bisa gwiwa, yana murmushi. Za a yi kiɗa uku ko huɗu bai ce uffan ba. Sai shugaban badujala ya kira sunansa, ya taso ya zo gaban makirfo ya yi waƙa biyu ko uku, ya rusuna, ya koma kujerarsa. Sunan da aka rubuta da manyan haruffa a ƙofar gidan wasa na shugaba ne. Mawaƙi yaron gida ne, albashi ake ba shi, kuma ana iya sallamarsa ko yaushe.

Haka Joe ya yi ta yawo daga wannan maigida zuwa wancan. A 1941 yana tare da Coleman Hawkins, wanda ake yi wa kallon uban masu busa saksafon a jaz. Ƙungiyar ba ta yi tsawon rai ba. Da aiki ya yanke, sai ya karɓi gadin ƙofar baya a Regal, babban gidan wasan baƙaƙen Shikago, ƙofar da makaɗa da mawaƙa ke bi su shiga. Ku yi tunanin wannan da kyau. Mutumin da aka ji muryarsa a rediyo, yau shi ke buɗe wa waɗansu ƙofa, yana hana 'yan kutse shiga, ana wuce shi da akwatunan ƙaho ana yi masa sannu da aiki. Da yawanku da za ku ce girmanku ya wuce nan. Gara ku zauna a majalisa kuna ba da labarin lokacin da kuka yi tashe. Shi kuwa ya duba ya ga cewa in dai dole ne ya yi gadi, to gara ya yi shi a ƙofar da manyan sana'arsa ke wucewa kullum. Muna yawan cewa rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Haka ne, amma kwaɗon ma ai a bakin ruwa ake samunsa. A wannan ƙofar Lionel Hampton ya same shi, ya ɗauke shi cikin badujalarsa a 1943.

Saboda haka, in ka karanta injiniyanci aiki ya ƙi samuwa, kuma aka ce ga aikin tsaron sito a wurin da ake gini, ga kuma wani mai ɗan gwaɓi a wurin da ba ruwansa da abin da ka karanta, ni dai na san wanda zan ce ka ɗauka in cikinka zai iya jurewa. Wanda ke kusa da sana'a yana jin labarin gurbi kafin a tallata shi, ana sanin fuskarsa, ana ganin halinsa, hannunsa kuma ba ya mantuwa.

A badujalar Hampton akwai wata yarinya 'yar Shikago da Joe ya girma da shekara biyar da 'yan kai, Dinah Washington. Ita aka ba waƙoƙin buluz, shi aka bar masa na soyayya masu taushi. Zamansa bai yi tsawo ba. Ita kuwa cikin 'yan shekaru ta fita ta tsaya da ƙafarta, faifanta ya shiga ko'ina. Ga kuma Nat King Cole, wanda a unguwannin kudancin Shikago ya tashi shi ma, tsakaninsu da Joe wata uku ne kacal a haihuwa. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu Nat ya zama tauraro a faɗin Amurka. To, ku da ke ciwon rai saboda hoton ɗan ajinku a Instagram, ga wanda ke jin muryar sa'ansa tana fitowa daga kowace rediyo a unguwa, shi yana lissafin kuɗin haya.

Daga nan kasuwar badujala baki ɗaya ta fara rushewa. Ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta yi yajin aikin ɗaukar faifai daga 1942 zuwa 1944, kamfanoni suka koyi sayar da mawaƙi shi kaɗai. A 1944 gwamnati ta ɗora haraji mai nauyi a kan wuraren da ake rawa, kashi 30 cikin ɗari da farko, daga baya aka rage zuwa 20, masu gidajen rawa da yawa suka hana rawar ko suka koma ɗaukar makaɗa uku ko huɗu. Ciyar da mutum goma sha bakwai a kan hanya ya zama asara. A ƙarshen 1946, cikin 'yan makonni, manyan shugabanni irin su Benny Goodman da Woody Herman da Harry James da Tommy Dorsey suka sallami mutanensu. In waɗannan Turawa masu suna da kuɗi sun kasa, ina ga baƙar fatan da ko faifai ɗaya bai yi suna da shi ba?

A 1947 Joe ya karye. Damuwa ta yi masa rubdugu har hankalinsa ya taɓu, aka kwantar da shi a asibitin masu taɓin hankali na jiha, ya yi kusan shekara guda a can. Yana gab da cika talatin.

Nan zan ɗan tsaya, domin wannan gaɓar ta fi kowace muhimmanci a wurina. Mu a nan, in aka ce wane ya taɓa kwanciya a irin wannan asibitin, shi ke nan an rufe littafinsa. Ba mai ba shi aure, ba mai ba shi ajiya, in ya yi magana mai ma'ana ma sai a kalli juna a yi murmushi. Wannan zalunci ne, kuma jahilci ne. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce a jiki, tana gajiya, tana ciwo, tana kuma warkewa. Duk abin da aka san Joe Williams da shi, duk faifan da ya yi suna, duk lambar yabon da ya karɓa, bayan fitowarsa daga wannan asibiti ya same su, kuma ya yi shekara hamsin yana aiki bayan nan. Da danginsa sun ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don gudun abin kunya, da yau ba mu san sunansa ba. In ka ga abokinka ya daina barci, ya daina cin abinci, ya janye daga mutane, yana maganar gara ya mutu ya huta, kada ka ce masa raunin imani ne ka wuce. Ka yi masa addu'a, ka kama hannunsa ku je wurin likita. In kai ne abin ya sama, ka faɗa wa wanda ka amince da shi tun da wuri.

Da ya fito, bai koma dandamali kai tsaye ba. Tallan kayan kwalliya ya kama, gida-gida. Ƙato ne dogo mai murya kamar daga cikin rijiya, riƙe da jakar man shafawa da hoda, yana hawa matakalar benaye yana ƙwanƙwasa ƙofa, wata ta saya, wata ta rufe ƙofa tun bai gama sallama ba. Sannu a hankali ya koma waƙa, ya zama ɗan gida a Club DeLisa, fitaccen kulob na kudancin Shikago inda badujalar mai ganga Red Saunders ta yi shekaru tana kiɗa. Wuri ne mai hayaniya, ana ci ana sha ana surutu, har da rawar asubahin Litinin suke yi. Wanda ya iya sa irin wannan taro ya yi shiru ya saurare shi, dare bayan dare, ya gama makarantar da ba a ba da takardar shaidarta.

A 1950 Count Basie ya zo Shikago. Basie babban mutum ne a jaz, wanda badujalarsa ta taso daga Kansas City ta girgiza Amurka tun shekarun 1930. Amma shi ma guguwar ta taɓa shi, a farkon shekarar ya rushe babbar ƙungiyarsa ya koma yawo da mutum bakwai ko takwas. A wani kulob mai suna Brass Rail ya ji Joe, ya gayyace shi ya dinga waƙa da su, yana biyansa daga aljihunsa. Da wa'adinsu ya cika, Basie ya tattara ya tafi, Joe ya koma inda yake. Shekara huɗu ba labari.

Ina so ku lura da wannan shirun na shekara huɗu. Sau nawa babban mutum ya yaba aikinka, ya karɓi lambarka, ya ce zai neme ka, ka zauna kana kallon waya har ka fara zaginsa a zuci? Basie ba shi da gurbin da zai sa mawaƙi a 1950, shi ma ta kansa yake yi. Joe bai bi shi da naci ba, bai kuma ɓata shi a gari ba. Ya ci gaba da aikinsa. A 1952 ya ɗauki wata waƙa a faifai tare da ƙungiyar King Kolax, sunanta “Every Day I Have the Blues”. Ta yi tashe na ɗan lokaci, ta tsaya nan.

Basie ya sake haɗa babbar badujala, da samari masu jini a jika: Thad Jones da Joe Newman a ƙaho, Frank Foster da Frank Wess a saksafon, da Marshal Royal wanda ke jan sahun saksafon kuma shi ke tsawata wa duk wanda ya makara ko ya yi sakaci. Ƙungiya ta haɗu, amma babu waƙar da ta shiga kasuwa sosai. A ƙarshen 1954 suka sake bi ta Shikago, Basie ya sake jin Joe, wannan karon ya ce ya biyo su Niyok. Lokacin Kirsimetin shekarar ya kama aiki, kwanaki kaɗan bayan ya cika shekara 36.

A 1955 suka shiga sutudiyo suka ɗauki kundin “Count Basie Swings, Joe Williams Sings” a kamfanin Clef na Norman Granz. A ciki akwai waccan waƙar ta 1952, amma yanzu Ernie Wilkins ya tsara mata sabon kiɗa. Piyanon Basie ke buɗewa, ɗan taɓi nan, ɗan taɓi can, don shi mutum ne mai rowar yatsa, abin da wani zai faɗa da sauti ashirin shi da uku yake faɗa. Sai masu busa su shigo su yi ta ginawa, a daɗe ana kiɗa mawaƙi bai buɗe baki ba. In ya shigo kuma, ba da ihu yake shigowa ba. Murya ce mai kauri, a natse, yana jan kalma ɗaya ya riƙe ta yadda ya ga dama, ƙahoni suna yi masa amshi a ƙarshen kowane layi, har can wajen ƙarshe ya ɗaga ta sama ta koma kuka. Waƙar baƙin ciki ce, ta mutumin da ke ganin ba mai ƙaunarsa, amma yadda yake rera ta za ka ji mutumin a tsaye yake da ƙafafunsa. Ta kai matsayi na biyu a jerin faifan da baƙaƙen Amurka suka fi saye, ta dawo da sunan Basie bakin jama'a, masu sharhi na mujallar DownBeat suka zaɓi Joe a matsayin sabon tauraro na shekarar. Sabon tauraro, bayan shekara ashirin yana sana'ar!

Waƙar nan fa ba tasa ba ce. Memphis Slim ya fitar da ita da wani suna a ƙarshen shekarun 1940, Lowell Fulson ya yi ta a 1950, B.B. King ma ya yi tasa. Joe ya ɗauke ta ya yi shekaru yana rera ta a kulob, yana gyara inda zai ja numfashi da inda zai sassauta, har ta zauna a bakinsa. Murya ɗaya ce a 1952 da 1955, waƙa ɗaya ce. Abin da ya ƙaru shi ne mutum goma sha shida da suka san aikinsu da mai tsara kiɗa da ya san inda zai bar masa fili. Duk baiwarka, ka kula da waɗanda kake aiki da su. Amma kuma ranar da gwanaye suka kira ka, ba ranar koyo ba ce, abin da ka zo da shi a hannu shi za a gani.

Akwai wani tarko da ya tsallake. Kafin shi, mawaƙin Basie shi ne Jimmy Rushing, gajere mai ƙiba mai siririyar murya mai ƙarfi, wanda ya yi fiye da shekara goma a badujalar, har mutane ba sa iya tunanin Basie ba tare da shi ba. Abu mafi sauƙi ga wanda ya gaji irin wannan kujera shi ne ya kwaikwayi mai ita. Joe bai yi ba. Ya zo da abin da ya koya tun yana yaro a gaban rediyo, wato fitar da kalma tas yadda Bature da baƙi, ɗan kudu da ɗan arewa, kowa zai ji abin da ake faɗa. Wasu masu sharhi sun ce buluz ɗinsa ya cika tsafta, babu ƙurar gona a jikinsa. Ni a ganina sun so ne ya yi ƙaryar ƙauyanci alhali a birni ya tashi. Ya yi daidai da ya rera waƙa da muryar da Allah ya ba shi.

Tun da ana maganar badujalar Basie, ba zan wuce ban ambaci Freddie Green ba. Mai jita ne, ya shiga a 1937, yana nan har rasuwarsa a 1987, shekara hamsin ke nan in ka cire ɗan gajeren lokaci. Da wuya ka ji an ba shi fili shi kaɗai. Bugu huɗu-huɗu yake yi a hankali daga farkon kiɗa zuwa ƙarshe, a jitar da ko lantarki bai sa mata ba, amma a kansa duk sauran ke tafiya. Cikinku akwai irin Freddie Green da yawa, kuma zamanin nan na son-a-sani yana nema ya sa su raina kansu. Kada ku yarda.

Suna ya zo, ya zo da nasa kaya. Suka yi wasa a bikin jaz na Newport, suka yi watanni a otal ɗin Waldorf-Astoria na Niyok a 1957, suka tsallaka Turai. Amma a kudancin ƙasarsu, har zuwa dokar 'yancin jama'a ta 1964, otal da gidan abinci na iya cewa ba sa karɓar baƙar fata, mutum ya gama nishaɗantar da dubban jama'a ya rasa inda zai sa haƙarƙarinsa sai gidan wani baƙi ko kujerar bas. Rayuwar hanya kuma tana cin iyali. Aurensa uku suka mutu kafin na huɗu, da wata 'yar Ingila, ya zauna har ƙarshen ransa. Ban kawo wannan don in yi masa tonon silili ba. Na kawo ne don kada wani ya ɗauka nasarar sana'a tana gyara gida da kanta. Ba ta yi, gida aikinsa daban ne, kuma a nan ba zan ce ku yi koyi da shi ba.

Wani abin kuma, an ɗaure shi da buluz. Shi a ransa mawaƙin waƙoƙin soyayya masu taushi ne, amma duk inda ya je waccan waƙar ake nema. Bai yi fushi da abin da ya ciyar da shi ba. Ya ci gaba da ba mutane abin da suka biya kuɗi don su ji, a gefe yana shigar da abin da ransa ke so, har ya fitar da kundi guda na irin waɗannan waƙoƙi, “A Man Ain't Supposed to Cry”, a 1958, tun yana gidan Basie.

Sai batun rabuwa. A Janairun 1961, bayan shekara shida, Joe ya ga lokaci ya yi da zai tsaya da kansa. A lokacin sunansa ya kai inda zai iya fita ba sallama, ya ja rabin 'yan kallo, ya shiga jarida ya ce shi ya farfaɗo da Basie, kuma da ya faɗi haka akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Bai yi ba. Ya sanar da maigidansa, ya cika alkawuran da ke ƙasa, suka yi wasan ban kwana a gidan wasa na Apollo da ke Harlem. Ƙaramar ƙungiyar da ya fara aiki da ita ta Harry Edison ce, tsohon mai busa ƙahon Basie. Basie da kansa ya raka shi Boston, inda zai yi wasansa na farko a kulob ɗin Storyville, ya gabatar da shi ga jama'a.

Ku gwada wannan da abin da muke gani kullum. Yaro ya yi shekara biyar a shago, an koya masa aiki, an ci an sha tare. Rana ɗaya sai a wayi gari ya buɗe nasa a layin baya, ya kwashe lambobin kwastomomi, yana bi yana cewa ai dama shi ke yin aikin, maigida zama kawai yake yi. Ko mawaƙi da mai sutudiyo su yi baram-baram su koma TikTok suna tona wa juna asiri. Ban wanke iyayen gida ba. Akwai azzalumai da ke riƙe yaro shekara goma ba yaye ba jari, kuma barin irin waɗannan ba laifi ba ne. Amma ko azzalumi za ka bari, ka fita ta ƙofa da rana, ka yi sallama, kada ka ɗauki abin da ba naka ba. Ku kuma da za ku zama iyayen gida gobe, ku dubi Basie. Yaron da ya fi kawo masa kasuwa ne zai tafi, amma ya taka ya raka shi.

Ribar wannan rabuwar arziki ta daɗe tana zuwa. Joe ya ci gaba da dawowa yana waƙa da badujalar Basie lokaci-lokaci har tsufansu. A 1983 aka sa tauraronsa a titin girmamawa na Hollywood, dab da na Basie. Da Basie ya rasu a Afrilun 1984, Joe ne ya tsaya a cocin Abyssinian da ke Harlem ya rera “Come Sunday” ta Duke Ellington a wurin jana'iza. Sauran tarihin a taƙaice: ya yi kundi da badujalar Thad Jones da Mel Lewis a 1966, ya yi aiki da George Shearing da Cannonball Adderley, ya karɓi kyautar Grammy ta farko a 1985 yana da shekara 66, ya fito a matsayin kaka a wasan talabijin na The Cosby Show, kuma shi da matarsa suka kafa gidauniyar tallafa wa matasa masu karatun kiɗa.

Kada in yaudare ku. A kulob-kulob na Shikago akwai mawaƙa da yawa masu murya da suka jira kamar yadda ya jira, Basie bai taɓa bi ta kansu ba, suka tsufa ba wanda ya san su. Ba wanda zai ba ka tabbacin cewa in ka yi shekara ashirin kana gyara aikinka za a kira ka Niyok. Wannan na Allah ne. Abin da ke hannunka shi ne aikin ya kasance a gyare, kana kusa da inda ake yinsa, kuma ba ka ɓata da mutane ba. Ko kiran bai zo ba, wanda ya yi haka yana da sana'ar ci da kansa da mutuncin da zai shiga ko'ina da shi. Wanda ya jefar da kayan aiki yana da shekara ashirin da takwas saboda ɗan ajinsu ya riga shi, ko an zo nemansa me za a tarar?

Ya yi waƙa har ƙarshen rayuwarsa. A Maris na 1999 aka kwantar da shi a wani asibiti a Las Vegas, garin da ya daɗe da zama, saboda ciwon numfashi. Ranar 29 ga wata ya tashi ya fita ba da sallamar likita ba, ya kama hanyar gida a ƙasa. Ya yi tafiya mai nisa, ya faɗi kusa da gidansa, rai ya yi halinsa yana da shekara 80. Wannan ma kada ku kwaikwaya, in likita ya ce a kwanta, a kwanta.

Faifan nan na 1955 yana nan a YouTube, minti biyar ne da ɗoriya. Ku nemi wuri mara hayaniya ku saurare shi sau biyu, kada ku tura gaba don kiɗan farko ya yi muku tsawo. A na farko ku bi muryar Joe. A na biyu ku ƙyale shi, ku kasa kunne ku nemo jitar Freddie Green a ƙarƙashin ƙahonin.